Ranar da Muka Kai Yawun Hauwa Wurin 'Yan Sanda

Rusaifa

Ƙarfe biyar da kwata, muna sallame Asuba, muka fito daga unguwarmu Rusaifa: ni da Baban Hauwa, da Hauwa a kafaɗarsa. Kun san a ɗaki na haife ta, hannun ungozoma, babu takardar asibiti. Ga shi ta kai shekara biyar, makaranta ta ce sai da shaidar haihuwa, hukuma kuma ta ce sai an yi gwajin DNA a tabbatar tamu ce. Ni duk na ɗauka jini za su zuƙa, sai na ƙulle gashin askin sunanta a gefen mayafi, ko za su karɓa a madadin allura.

Hanya

Tasi muka shiga, kilomita tara. Direban jikan Zabarmawa ne, Hausarsa rabi Larabci. A shingen 'yan sanda aka duba iƙamata, takardar izinin zama, ƙalau take. Muka sayi tamis, burodin mutanen nan mai faɗi, da zafinsa. Baban Hauwa ya hana mu taɓawa, wai an ce kada a ci komai kafin gwajin.

Ofis

Ƙarfe bakwai da rabi, a ofishin 'yan sanda, wata ma'aikaciya mai safar hannu ta kira mu. Na kwance ƙullin na miƙa mata. Ta yi dariya har da riƙe tebur, ta ce gashin da aska ta yanke ba shi da saiwa, ba zai yi ba. Ashe ba allura! Ɗan tsinke ne mai auduga, ta goga mana cikin kumatu. Hauwa har ta nemi ƙari.

Da ta jefa tsinkayen a ambulan sai na ce a raina: Mu da ko farce ba ma bari a gidan wani?

Na ce, "Baiwar Allah, yawun 'yata ina za shi kwana?"

Ta manne bakin ambulan a gabana, ta buga lamba, ta ce ba mai buɗewa don wata magana daban sai da izinin alƙali. Baban Hauwa ya karanta min takardar, na sa ya maimaita, sannan na dangwala.

Gida

Kafin Azahar muna Rusaifa. Sati uku ina duba wayarsa kamar tawa. Jiya saƙo ya shigo: tamu ce, a zo a karɓi takarda. Na rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Alhamdulillahi, na gode da addu'o'inku. Ku gaya wa Inna, jikarta za ta shiga aji.