Gurbin Sunan Zinariya

Mairama 'yar ƙanwar babata ce, haifaffiyar unguwar Shagwa a Njamena, kuma duk danginmu babu mai taurin kai irin nata. Mu jikokin maniyyata ne. Kakanninmu sun baro Katsina a ƙasa za su Makka, guzuri ya ƙare a Fallomi, wato Njamena ta yau, suka ce bari su ɗan huta. Hutun ke nan har yanzu.

A cikinsu akwai Zinariya, wadda ta yi waƙar hanyar, baiti ɗari da ɗoriya. Ta lissafa garuruwa, ta lissafa waɗanda aka binne a gefen hanya, har da 'ya'yanta biyu. Ba ta iya rubutu ba, ɗanta Rufa'i, kakanmu, shi ya rubuta da ajami. A ƙarshe, inda ake sa sunan mai waƙa, sai ya sa "ta Gyatuma ce". To, wane ɗa ne zai kama sunan uwarsa gatsal, har ya ɗora a takarda?

Mairama ta koyi buga tafireta a 1994, ta shekara goma tana buga wa mutane wasiƙu a bakin titi. Daga nan wata cibiya a unguwar Mursal mai ɗaukar hoton tsofaffin rubuce-rubuce ta ɗauke ta aiki. Kowace takarda tana da gurabe a kwamfuta: harshe, shekara, wanda ya kwafa, wanda ya wallafa. Ita ke cike su. Ranar da ta ciro waƙarmu daga adaka ta kai can, wallahi kamar sallah take yi. A gurbin mawallafi ta buga Zinariya.

Shugaban sashen, Musiye Hamisu, ya leƙo.

"Madam Mairama, ina kika ga wannan sunan?"

"A gidanmu, Musiye. Kowa ya sani."

"Kowa ba hujja ba ne. Ko dai yana kan takarda, ko ki kawo muryar wanda ya san ta."

Mutum ɗaya ta rage wadda ta ga Zinariya da ido, Iya Dije, matar Rufa'i. Mairama ta ajiye mata rikoda a gaba.

"Iya, wa ya yi waƙar nan?"

"Tsohuwa mana."

"Sunanta nake so, Iya."

"Ke! Surukar tawa? Ba ki da kunya?"

Sau uku Mairama tana komawa, har da kuka. Da damina Iya ta rasu. Mairama da yatsunta ta goge sunan, ta buga kalmar Faransanci inconnu, wato ba a san mai shi ba. Ni dai har gobe ina jin haushin su duka, Musiye da Iya da kakan namu.

A Fabrairun 2008 faɗa ya shigo gari, muka tsallaka gada muka gudu Kuseri ta Kamaru. Da muka dawo, an fasa gida, babu adaka, babu takarda. Cibiyar ma ba ta sake buɗewa ba. Hoton yana can a intanet da kalmar nan a ƙasansa, kuma babu wanda za a rubuta wa ya gyara.

Bayan shekara Mairama ta haihu, mace. Ta kafe sai an sa mata Zinariya, don a riƙa jin sunan a gidan nan ko da sau ɗaya a rana. Aka raɗa, aka yanka rago. Amma wa zai iya kiran sunan kaka a tsakar gida? Gyatuma muke ce wa yarinyar. Har da uwar tata.