Ƙafar Baba da Tayoyina

Ni ne na yi kuskure, kuma an faɗa mini tun kafin in yi shi.

Shekarar da cinikin wake ya yi mini kyau na sayi wata tsohuwar mota da aka hauro da ita daga Kwatano. Tayoyinta irin waɗanda ko ƙusa ta huda su ba sa kwantawa ne, gefensu kauri da tauri kamar busasshen ƙirgi. Na cika tashar Magariya da labarinsu.

Yayana, wanda ya tsufa yana tuƙi a hanyoyinmu, ya zagaya motar, ya shuri taya ɗaya da ƙafa.

"Wannan ta kwalta ce," in ji shi. "Tayar kirki ita ke shanye rami. Wannan kuwa miƙo maka shi za ta yi har ƙashin baya."

Na ce, "Yaya, kai dai ka saba da akwala."

Cikin mako guda na san gaskiyarsa. Duk zuwa Bande sai haƙorana sun yi ta haɗuwa, sitiyari kuma ya riƙa bin sawun manyan motoci yana fizgata. Ban faɗa wa kowa ba.

Ranar wata kasuwar Guci, bijimi ya ture Baba a kara, wurin cinikin shanu, cinyarsa ta karye. Yaya ya kira ni a salula. Kafin in iso maɗori ya riga ya ɗora ƙafar, ya ɗaure ta da karare da tsumma, ya ce kada ta motsa ko kaɗan. Yaya kuma ya samo amalanken shanu, ya zuba yashi a ciki, ya shimfiɗa katifa a kai. Haka ake kai mai karaya gida a wajenmu, sannu a hankali, ko da za a yini.

Mutane sun taru suna kallo. Na ji kunyar a ce ɗansa na da mota, a ɗauki ubana a amalanke. Na rantse sai a tawa. Baba ya dube mu, ba ya son gardama a bainar jama'a, ya ce, "Ku bar shi ya kai ni."

Muka kwantar da shi a kujerar baya, Yaya ya durƙusa yana riƙe da ƙafar. Tun daga bakin gari burji ya fara dukanmu. Na tsaya na sace iskar tayoyin, kamar yadda direbobinmu ke yi don su yi laushi su baje a kan yashi. Waɗannan ba su baje ba. Gefensu na nan ƙiƙam, motar sai ta ƙara nauyin hannu. A wani kwari sitiyari ya ƙwace mini, muka faɗa rami. Na ji ƙarar kararen nan.

Baba bai yi ihu ba. A madubi na ga ya cusa bakin rawaninsa cikin baki ya cije. Yaya ya ce, "Tuƙa kawai."

Da muka isa gida ɗorin ya goce. Aka sake ɗorawa, amma ƙafar ta kama a karkace, ta gajarce. Mutumin da ke fita gona kafin kowa ya koma zaman zaure da sanda. Damina biyu na yi ina cewa hanya ce ba kyau, ko maɗorin ne bai iya ba. Na canja tayoyin a ɓoye. Ina aika hatsi da magani, amma ba na zama in dube shi.

Ranar da ruwan shuka ya sauka bana na je. Na tarar ya jawo jiki bakin ƙofa, yana riƙe da ƙwaryar iri a cinya, yana kallon masu wucewa gona. Yaya na gefe yana gyara ƙotar sungumi. Na cire takalmi na durƙusa.

Na ce, "Baba, ba hanya ba ce, ba maɗori ba ne. Na san halin tayoyin nan tun kafin ranar, girman kai ya sa na ɗora ka a kansu. Yaya, ka faɗa mini na raina ka. Ku yafe mini."