Inabin Kawu a Karaye

Jiya a kasuwar Jega na ga inabi a faranti, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai. Kowa a Karaye albasa yake nomawa, shi kaɗai ya kafa rumfar inabi a bayan gida, don matarsa Inna ta ɗanɗana shi a Makka, ta dawo tana santi shekara goma.

Da damina ta ɗauke yake sare rassan, don 'ya'yan su nuna cikin rani. Kullum da safe yakan ɗaga hanci sama kamar raƙumi, yana sansanar iska, ya ce, "Ruwa, ka gama da gero, ka bar mini inabina."

Wata shekara ruwan ya dawo bayan an yi sallama da shi, ya kwana uku yana zuba. Fumfuna ta lulluɓe 'ya'yan fari fat. Na iske Kawu da wuƙa, yana yanke masu ciwo yana binnewa, warin ruɓa har garin Maiyama.

Na ce, "Kawu, ka koma albasa mu huta mana."

Ya ce, "Kai, sakarai, riƙe mini kwando. Na yi ma Innarka alkawali."

Reshe ɗaya ne ya tsira. Da ya nuna, Kawu ya kai mata da hannu biyu. Ta tauna, ta runtse ido, ta ce, "Malam, ko tsamiya ta hi shi mutunci." Amma ta cinye tas, ko ƙwaya ba ta ba kowa ba.

Allah ya jiƙansu, ya haɗa su a inuwar inabin Aljanna, mai zaƙi wannan karon.