Akushin Babanmu Ranar Cika-ciki

A gidanmu na Gwammaja, kakarmu Iya ce mai ajiye jelar ragon layya. Takan ƙyafe ta, ta rataye a ɗakinta har ranar Cika-ciki, sannan a jefa a miya. Ranar kowa sai ya ci ya ƙoshi, domin an ce wanda ya kwana da yunwa, da yunwa zai ƙare shekara. Ni da nake acici, babu ranar da nake so kamarta.

A shekarar da nake tunawa, babanmu ya shekara uku da tafiya fataucin goro Gwanja, ba wasiƙa ba saƙo. Hatsi ya yi tsada, tuwon bai kai na bara ba. Duk da haka Iya ta zuba malmala biyu a akushinsa, ta rufe da faifai. Bayan magariba muka zauna bakin murhu, idona na kan akushin.

"Ke dai ba kya jin kira sai na tuwo," in ji Iya. "Matso ki ji."

Ta ba mu labarin wata mata da ɗanta ya daɗe a tafiya. Kowace Cika-ciki tana zuba rabonsa, da safe ta bayar sadaka. Shi kuwa duk garin da ya sauka, sai wani ya kira shi cin abinci. Wata shekara maƙwabta suka ce ta haƙura, ai ya mutu. Ta ji maganarsu, ta kife akushin. Ashe yana hanya, saura kwana biyu ya iso. Ranar ya yi sallama a gida bakwai, ba wanda ya amsa.

"To ya iso, Iya?" na tambaya.

"Wanda aka daina zuba wa ba ya isowa," ta ce, ta tura itace cikin wuta.

Tsoro ya kama ni, ban sake duban akushin ba.

Babanmu bai dawo ba. Da na girma na ji malamai na cewa camfi ne, ban kuma yi musu ba. Sai bayan rasuwar Iya mahaifiyata ta gaya mini cewa tukunyarmu ba ta taɓa isa a zuba wa wanda ba ya nan ba. Rabon Iya ne ke shiga akushin. Ta fi kowa yarda da maganar kwana da yunwa, amma shekara tara tana zaɓar yunwar saboda ɗanta. Har yau abin na ci mini rai. Ina gefenta ina suɗe kwano, ban taɓa lura hannunta a bushe yake ba.