Dokin da Kawu ya ɗaga

Har yau in na tuna wasanmu da ’yan unguwar Gounghin raina ɓaci yake yi.

Eshek muke bugawa, darar Turawa, a rumfar wani tela nan Zongo. Da aka sa ranar karawa a gasar unguwanni, ni aka haɗa da gwaninsu, wani makanike mai buɗe wasa iri ɗaya kullum. In na faɗi, an fitar da Zongo daga gasar.

Na shirya yadda ya kamata. Da farko na samo a waya wani tsohon wasa da aka rubuta, wanda aka karya irin buɗewarsa a ciki. Sai na jera shi a allo, taki bayan taki. Bayan haka na riƙa tsayawa a kowane taki ina tambayar kaina dalili: me ya sa sojan gaban sarki ya fara fita, me ya sa doki ya jira. Sirrin yana wurin dokin. Ana ba da shi kyauta, in abokin wasa ya ci, gidan sarkinsa ya buɗe.

Kullum bayan la’asar kawuna, tsohon direba kuma gwanin dara, yana gefe a rumfar yana kallo. Ban hana shi ba. Ashe shi ma haddacewa yake yi.

Ranar wasa komai ya bi layi. Makanike ya taka inda nake so. Ina zaune ina sake duba lissafina, don ba na taɓa abu sai na tabbata. A dara ta Zongo kuwa ɗan kallo ba ya shiru, yana ba da shawara, har hannu yana sawa. Kawu ya ga na daɗe, ya ɗauka na manta. Ya miƙo hannu ta kan kafaɗata, ya ɗaga dokin, ya dangwara shi.

“Nan ne, ɗana. Ba haka muka saba yi ba?”

Alƙalin wasa ya tsayar da agogo, ya ce an taimake ni, wasa na Gounghin ne. Na roƙa da Faransanci, na roƙa da Mosanci, yaren mutanen garin, ya ƙi.

A hanya Kawu yana ta faɗa wai Turawa sun ɓata dara, wasa ba baki kamar zaman makoki. Ya juyo ya tambaye ni ko ba daidai ya aje dokin ba.

Na ce, “Daidai kuka aje shi, Kawu.”

Ban ƙara ba, wan mahaifiyata ne. Washegari na ɗauke allona daga rumfa. Yanzu a ɗaki nake nazari, ƙofa a kulle, ko ya ƙwanƙwasa.