Wayar da Na Sauya wa Rami

Ni na sauya wayar. Wani yaro ne ya rantse mini cewa ramin farko na suwic ya fi sauran gudu, ni kuwa na yarda. Suwic shi ne akwatin da wayoyin kwamfutocin shagon gem na yayana, wato shagon wasannin kwamfuta, ke haɗuwa a cikinsa. Na zare wayar da ke ramin farko na cusa tawa, waccan na tura ta wani ramin. Fitilun suwic ɗin duk suka ci gaba da nuna kore, na ce ai shi ke nan.

Yayana yana da shago biyu, namu a Badarawa, ɗayan a Kurmin Mashi. Ya haɗa suwic ɗinsu da wata ɓoyayyar hanya ta cikin intanet da yake kira tanel, sai yaran can su kara da namu a gem ɗin ƙwallo kamar a ɗaki ɗaya. Doka ɗaya ce: wanda ya katse wasa ana cin sa, matsoraci ne. Ranar da na sauya wayar kuwa ruwan ƙwallaye ake yi mana lokacin da allon ya daskare.

Kafin la'asar sai ga Keke Napep ta tsaya, ta amayo samarin Kurmin Mashi, sun kai rabin unguwa. Kyaftin ɗinsu, wani ƙato mai wuya kamar turmi, ya shaƙe golanmu.

"Ku ne masu zare waya, ko? 'Yan tsoro."

"Uban wa ya zare? Sake ni, jaki."

Benci ya tashi sama. Wani ya sha kwalbar lemo a goshi, jini ya wanke masa ido, amma bai fasa duka ba. Yayana ya rungume kwamfutarsa ya shige ƙarƙashin tebur, don ya san in bai gano matsalar ba shagon zai koma itacen girki. Ni ma can na ɓuya.

"Suwic ɗin can yana raye, na kira yaron shagon," in ji shi, yana danne-danne. "Namu ma yana raye. Amma na aika saƙon gwaji ta tanel, shiru."

"Yaya, ƙila ruwan sama ne."

"Ana wannan ranar? Rufe min baki."

Ya bi wayoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ana tattaka masa ƙafa. Ashe ramin farko kaɗai ya saita wa tanel. Ya ja wayar da ke ciki, ta kai shi har kujerata. Ya dube ni. Na dubi silin.

Ya mayar da kowace waya raminta, tanel ya tashi nan take. Sai dai allon da za a gani ya riga ya tarwatse a kan wani. Yayana ya miƙe ya ce laifin daga gidanmu ne, ya nuna ni. Marin kyaftin na fara sha, na ga taurari har da waɗanda ba a gano ba tukuna. Na yayana ya biyo baya.

Ba a ƙarasa wasan ba. Haƙorina na gaba ya guntule, suwic kuma yanzu yana cikin akwatin ƙarfe da kwaɗo.