Gaugai a lambun kumandan

Shekarar da na shiga lakwal, wato makarantar boko, babana ne mai lambun kumandan, Baturen Faransa mai mulki a Magaria, kuma aikin nan ne ya hana a kwashe shi aikin tilas. Wata rana matar kumandan ta dawo daga garin Kwaya rungume da gaugai, jan furen nan mai kaiwa ƙugu, mai kashe gero. Ta ce a dasa mata. Sau uku Baba yana dasawa, furen yana bushewa. Tafinta ya ce masa, "Malam, Madam ta ce ƙasar nan ba ta rasa masu lambu ba."

Kowane manomi ya san gaugai ba ya rayuwa sai a saiwar gero. Da damina ta zagayo, Baba ya ɗebo ƙasa daga wata gonar da gaugai ya kashe, mai cike da irinsa, ya shuka gero layi-layi a ƙofar kumandan. Geron ya tsumbure, furen ya yi kyau, aka bar Baba a aikinsa.

Ya tara mu, mu 'ya'yansa, ya ce, "Duk wanda ya faɗa a ƙauye ina yi wa gaugai ban ruwa, ba ɗana ba ne."